Tarin 'yar autata: kwal ne ko hayaƙin unguwa?

Telan Bolari:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Ina da yarinya 'yar shekara huɗu, ita ce auta. Shekara uku ke nan, da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba sai tari ya kama ta, ba ya sakin ta sai zafi ya shigo. Da rana lafiyarta ƙalau, tana tsalle-tsallenta a tsakar gida. Ana sallame Isha'i sai a fara. Can wajen asuba kuwa in ka kara kunne a ƙirjinta za ka ji yana kuka kamar 'yar mage. Uwarta ba ta barci, ni ma haka. Yanzu haka kwalaben maganin tari biyar ne jere a kan tagarmu, ban da zuma da lemun tsami da man habbatus sauda da kakarta ta aiko daga Dukku. Da muka gaji da kemis muka kai ta asibiti, likita ya ce alamun asma ne, ya rubuta inhela, wato maganin shaƙa, ya ce a nisanta ta da ƙura da hayaƙi. Na ce to. Da na fito na tsaya a bakin titi ina kallon gari, na ce a raina, wane hayaƙin daga ciki?

Abin da ya sa na rubuto shi ne wata murya da aka turo a gurufin teloli na WhatsApp. Mai maganar ya ce wai duk tarin da yara ke yi a Gombe daga kwal ne, wai ana haƙo shi a Maiganga ana ƙonawa ana yin lantarki, hayaƙin kuma mu yake saukowa a kai. Da farko na yi dariya. Amma sai wani abu ya faru a shagona da ya sa na daina dariyar.

Wani Alhaji ya kawo min farar shadda, kayan ɗaurin auren ƙaninsa. Na gama ɗinki, na goge ta tas, na rataye a shago na rufe. Da safe na tarar da ɗigo-ɗigon baƙi a kafaɗun rigar, ƙanana kamar an barbaɗa barkonon masoro. Na sa yatsa zan kaɗe, sai ya ja layi kamar kwalli. Ni na san ƙurar hunturu, tun ina yaron shago nake fama da ita. Ita fari-fari ce ko ja-ja, kana hure ta ta tashi. Wannan baƙi ne kuma da maiƙo-maiƙo. Sai da na kai rigar wanki da kuɗina, na yi wa Alhaji ƙaryar cewa maɓalli ne ban samu ba.

To in farar shadda ta kwana ɗaya ta yi haka, ina ga huhun yarinyar da ke kwana a bayan shagon kullum? Gidanmu na haya ne, mu biyar ne masu iyali, tsakar gida ɗaya. Shagona yana gaba, ɗakinmu na bayansa.

Tambayata ga masu sani: da gaske akwai tashar lantarki ta kwal da hayaƙinta ke iya isowa Bolari? In haka ne, tashi zan yi? Surukina ya ce akwai ɗaki ciki da falo a Tumfure, amma kuɗin ya ninka nawa, kuma kwastomomina duk a nan suke. Ba na so in kwashe iyali in bar sana'a, in je can in tarar tarin ya riga mu isa.

Ɗan Tashar Dukku:

Wa alaikumus salam. Malam Tela ai ba sai an yi bincike ba. Manya su haƙi arzikin ƙasa su kwashe, talaka ya shaƙi hayaƙi. Ni da idona ina ganin tireloli ɗauke da baƙin abin nan suna wucewa. Allah ya ba yarinya lafiya, Allah ya isar mana.

Tsohon Ma'aikacin Wuta:

Ɗana, Allah ya ba jikata lafiya. Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin lantarki kafin in ajiye, don haka bari in raba maka zare da abawa, mai muryar nan ya cakuɗa gaskiya da ƙarya a ƙwarya ɗaya.

Wutar da ake kawo maka gida, ranar da aka kawo, ba da kwal aka yi ta ba. Babban layin ƙasa da iskar gas yake tafiya, irin tashar Egbin ta Legas, sai kuma ruwa: Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Mu nan ta layin Jos take zuwa mana, ga kuma Dadin Kowa a kan kogin Gongola mai megawat 40, ita ma ruwa ce. Kwal ya yi zamaninsa a Najeriya. A 1909 aka gano shi a Inugu, shi ya riƙa tuƙa jirgin ƙasa, aka kuma gina tashar Oji River da ke ƙona shi. Tashar nan ta daɗe da mutuwa.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce akwai kwal a Maiganga, ƙaramar hukumar Akko, wajen Kumo. A buɗe ake haƙarsa, a yaye ƙasar sama a kwashe. Ana kai shi Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, a ƙona a tanderun siminti. An kuma sanar da aikin tashar kwal mai megawat 16 a can, wadda aka tsara don ciyar da masana'antar kanta, ba don gari ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke kwal ne. Kwal ba gawayin itace ba ne, ko da yake mutanenmu na haɗa su suna ɗaya. Dutse ne da ya kwanta a ƙasa miliyoyin shekaru, akwai farar wuta a cikinsa, akwai zaiba kaɗan-kaɗan. In an ƙona shi, farar wutar nan ta zama iska mai yaji da ke shaƙe ƙirji, mai asma shi ya fi jin ta. Ga toka mai laushi kamar garin alabo da ke bin bututu ta fita in ba a sa matata ba. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar, lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 suka mutu, daga baya masu bincike suka ce sun fi haka nesa. A Afirka ta Kudu, inda mafi yawan wutarsu daga kwal take, mutanen lardin Mpumalanga har kotu suka kai gwamnati a kan iskar da suke shaƙa. Ko nan maƙwabta, Nijar na da tashar kwal a Anu Araren ta jihar Agadas, ita ke ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta. Duk inda ka je, wanda ke kwana a gindin bututun ko a bakin ramin shi ke fara biya.

Amma kai a Bolari kake. Fita da safe ka ga inda hayaƙin mai shayi ke karkata. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Maiganga tana kudu da kai, wato a watannin da yarinyarka ke tari iskar tana kwashe ƙurar can ne tana yin gaba da ita, ba ta kawo maka. Ashaka kuwa tafiyar sama da awa guda ce a mota. Baƙin da ke jan layi kamar kwalli a kafaɗar riga, a shagon da aka kulle, cikin dare ɗaya, ni a sanina ba baƙon nesa ba ne. Da me kake ɗinki in an ɗauke wuta?

Ɗalibin Kashere:

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan gyara. Nisa kaɗai ba hujja ba ce. Hazon da ke rufe mana rana a Janairu daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Chadi, inda tsohon tafkin Chadi ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Ƙurar nan tana ƙetare Najeriya gaba ɗaya, har ta haye teku. In ƙura za ta iya wannan tafiya, hayaƙi mai laushi ma zai iya. Mutanen Fatakwal daga ƙarshen 2016 sun riƙa tashi su ga baƙin toka a kan motoci da cikin hancin yara, alhali ba a ɗakunansu ake ƙona ɗanyen man da ke jawo shi ba.

Inda na yarda da Baba shi ne batun yawa. Bututu ɗaya mai nisa, kafin abin da ya fitar ya iso ya tsarwatse cikin iska. Sannan akwai abin da mutane ba su lura da shi: da daren hunturu iskar da ke ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ta kwanta ta ƙi tashi, kamar an kife gari da murfi. Gombe kuma a kwari take, duk wanda ya gangaro daga Tumfure da asuba ya ga yadda hayaƙi ke shimfiɗe a kan gari. Duk abin da aka ƙona da magariba, bola ce, taya ce, itace ne, da shi ake kwana.

Nas Mai Aikin Dare:

Malam Tela, sannu da jinya. Ɗakin yara nake aiki, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu irin 'yarka su ne ke cika mana gadaje. Ban taɓa tambayar uwa nisan gidansu da Maiganga ba. Abin da nake tambaya shi zan tambaye ka, ka amsa wa kanka tsakani da Allah.

Janaretanka a ina yake zama, kuma ina bakin salansarsa yake kallo? Dutsen gugarka na wuta ne ko na gawayi? Matan gidan da me suke hura kurfoti? Don na sani, yawanci leda ake cinna wa wuta a ɗiga a kan gawayi, yaro na goye a baya ko yana tsugune yana kallo. Kuna kunna igiyar leƙo a ɗaki ku rufe ƙofa? In sanyi ya yi tsanani, ana shigar da garwashi ɗaki? Sai na ƙarshe, wanda na san zai jawo min faɗa da matan zauren nan: turaren wuta sau nawa a rana?

Dalilin tambayar shi ne, baƙin da ka gani a shadda shi ne manya-manyan. Hanci na iya tare irinsu. Masu ɓarnar su ne waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu PM2.5, sun fi silin gashi sirantaka wajen sau talatin. Su ne ke wucewa har ƙasan huhu, wasu su shiga jini. Ba ruwansu da ko daga tashar kwal suka fito ko daga murhun tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida kaɗai ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Yaro kuma ya fi babba saurin numfashi, ga shi gajere, hancinsa daidai tsayin kurfoti.

Batun garwashi da janareta ya wuce tari ma. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Kowace shekara sai an ji labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar. Kada a kwana da ɗayansu a ɗaki ko a soron da ba iska, ko da sanyi zai tsaga dutse.

Inhelar da likita ya rubuta kada ku ajiye ta don wani ya ce yaro zai saba. Ku koma a nuna wa uwarta yadda ake shaƙa wa ƙaramin yaro da kyau, yawancin iyaye a iska suke fesawa. Kwalabe biyar ɗin nan kuma ku bari haka, maganin tari ba ya buɗe ƙirjin mai asma. In ka ga tsakanin haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi, ko ta kasa gama magana, ko ta kasa shan ruwa, ko leɓenta ya canza launi, kada ka jira gari ya waye.

Uwar 'Yan Biyu:

Anti Nas, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ki faɗa mana da me za mu dafa. Ni da gas nake girki shekara shida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, kilo ɗaya na gas ya haura naira 1,000, na wanke silindata na ɗora a saman kwaba, tana can har yau da ƙyalle a kanta. Gawayin ɗari biyu zai yi min abincin rana. Kina ganin akwai macen da ke son idonta na hawaye, zaninta na warin hayaƙi? Ledar ma da kike magana, kananzir ɗin da za a ɗiga ya fi gawayin tsada.

Kuma kullum mata ake gani. A bayan layinmu masu babbakar kai da ƙafa tsofaffin tayoyi suke ƙonawa, tun bayan La'asar baƙin hayaƙi ke murtukewa har Magariba. Masu neman waya a cikin taya su ma su ƙona nasu. Bolar unguwa in ta cika ba mai kwashewa, sai wani yaro ya ƙyasta mata ashana ta kwana uku tana ci. Wannan duk ba kurfotina ba ne.

Turaren wuta kuwa Anti, a bar mu da shi. Shi kaɗai ya rage mana.

Telan Bolari:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da abin da na gani, ba abin da na ji ba.

Baba, tambayarka ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Da jen nake ɗinki, ƙaramin nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai. Saboda ɓarayi ba na ajiye shi a waje, a lungun da ke tsakanin shago da ɗakinmu yake, ɗaure da sarƙa. Washegari na je na tsuguna na duba. Bakin salansar yana kallon bangon ɗakin, taku biyu daga tagar da yarinyar ke kwana a ƙarƙashinta. Bangon wurin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma ni nake wucewa ta nan sau goma a rana ban taɓa gani ba. Lokacin hunturu shi ne lokacin biki, ɗinkin anko ya yi yawa, nakan kai sha ɗayan dare jen na kuka. Da damina aiki ya ragu, da wuri nake rufewa. Da na haɗa lissafin nan sai na ji kunya ta kama ni, na zauna a kan benci na kasa shiga gida.

Duk da haka na ce bari in gwada, kada in yanke wa kaina hukunci da ka. Na yanko ƙyallen farar shadda uku daidai da juna. Ɗaya na maƙale a tagar ɗakinmu, ɗaya a bakin ƙofar gida ta waje, ɗaya na ba surukina ya rataye a Tumfure. Bayan kwana uku na jera su a kan teburin yanka. Na Tumfure ya yi ja-ja, ƙura ce zalla, na kaɗe ta fita. Na ƙofar gida ya yi toka-toka. Na taga kuwa ya yi baƙin da ba ya nunuwa.

Na sayi waya yadi ashirin, na sa maƙeri ya yi min keji, na mayar da jen can ƙarshen fili bayan gida inda ba tagar kowa. Kuɗin ya ci ribar ɗinki huɗu. Dutsen gugar gawayi ma yanzu a waje yarona ke hura shi, sai ya kama sosai ya shigo da shi. Igiyar leƙo mun daina, na ɗinke gidan sauronmu da ya yage, abin kunya ga tela. Anti Nas, mun koma an nuna wa uwarta yadda ake inhelar, ashe da gaske a iska muke fesawa.

Tarin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma cikin dare shida na baya, huɗu ta yi barci har asuba. Biyun da ta tashi, ɗaya ranar da hazo ya sauko sosai ne har ba a ganin ƙarshen layi, ɗayan kuma ranar da aka cinna wa bolar bayan masallaci wuta.

Uwar 'Yan Biyu, ban ga laifinki ba, matata ma da ta karanta naki sai da ta ce a gaishe ki. Mun yi sulhu a kan turare: ta riƙa yi da hantsi in yarinyar ta tafi Islamiyya, a buɗe taga kafin ta dawo. Leda ce ta rage. Mai hura wuta da ita a gidanmu dattijuwa ce, ta girmi mahaifiyata, ba ni da bakin da zan ce mata ta daina. Abin da na yi, na tara mata ɓawon rake busasshe da guntayen kwali a buhu, na ce yarona ya kai mata a ce daga shago ne suka yi yawa. Ta karɓa ta sa albarka, jiya kuma na ga ta hura da leda, buhun na jingine a gefenta.

Batun bola, mu uku mun shirya za mu je wurin mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko. In akwai wanda unguwarsu ta taɓa samun a kawo motar kwasar shara ta riƙa zuwa a kai a kai, don Allah ya faɗa min ta ina suka bi, da takarda aka rubuta ko da baki aka je.